Motar Abba da Giyar da Ta Ƙi Shiga

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Injiniya Bashir, wanda muke kira Abba. Mutanenmu na Manchester sun fi tuna shi da tafsirin da yake haɗawa a falonmu da azumi. Ni kuwa idan na rufe ido, ƙafafunsa nake gani sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar mota koriya, a garejin haya da ke bayan layinmu a Gorton.

Motar ta girme ni nesa ba kusa ba. Mai giyar otomatik ce, irin ta da, wadda sandar giyarta ke jikin sitiyari. Ya saye ta ne shekarar da aka fara tsuke bakin aljihun gwamnati, aka rage ma'aikata a sashen hanyoyi na kansul, wato ƙaramar hukuma, sunansa ya faɗo ciki. Umma ta ce mutumin da ya rasa aiki ba ya sayen tsohuwar mota. Ya ce ai motar ma an sallame ta ne, za su fahimci juna. Duk Asabar nakan baro ɗakina na ɗalibai a Fallowfield in zo in riƙe masa fitila, ina karanta masa waƙoƙin da nake rubutawa, shi kuma yana gyara mini kalma daga ƙarƙashin mota.

Da ya rasu, aka rufe garejin. Abba bai bar ɗa namiji ba, don haka magadansa mu uku ne: Umma, da ni, da ƙaninsa Baffa Isa, likita a Birmingham. Baffa mutum ne mai tsoron a ce ya sa ido a kayan marainiya. Ya ce babu wanda zai taɓa ko tsinke sai an raba gado. Umma ta gama takaba, takardun kotun ƙasar nan suka ja lokaci, sanyi ya zo ya wuce, motar tana zaune ba wanda ya murɗa mata makulli.

Sai kansul ta sanar cewa za ta rushe garejojin ta sayar da filin. Ba mu da wani wurin ajiya a Gorton. Baffa yana da fili a gaban gidansa a unguwar Perry Barr ta Birmingham, amma ya faɗa mini gaskiya: in motar ta tafi da ƙafarta, to, in ta ƙi, masu sayen ƙarfe za su ɗauke ta kafin a rushe wurin.

Ranar da ya zo, muka sa sabon batir, injin ya yi tari ya tashi. Baffa ya ja sanda zuwa giyar gaba, ya taka totur. Injin ya yi kuka, motar ba ta motsa ba. Ya gwada ribas, haka. Ya kashe, ya zaro gejin man giya, ya ga man ya haura layin cika.

"Kin gani, 'yata? Mai har ya yi yawa. Giyabos ɗin ne ya tafi. I'm sorry, amma wannan patient ɗin sai addu'a."

"Baffa, ai tana kashe ka duba ta. Abba ba ya duba ta a kashe."

"To, Malama makanika, ga wuƙa ga nama. Ni yau nas ne."

Abin da Abba ya koya mini ba shi da wuya. Mota irin wannan in ta daɗe a ajiye, man da ya kamata ya zauna a cikin kaskon da ke haɗa injin da giya yakan tsiyaye ya koma ƙasa. Sai geji ya nuna ya cika, alhali inda ake buƙatarsa babu kome. Na fara da launi: na ɗiga man a farin ƙyalle, ja ne kamar zoɓo, ba ƙaurin ƙuna. Da giyar ta ƙone, da hanci ya faɗa. Na sa Baffa ya riƙa motsa sanda ina kwance a ƙasa ina kallo, ƙarfen da ke kai saƙo ga giya yana tafiya daidai. A nan ne na ga kwalin da Abba ya shimfiɗa ya jiƙe da jan tabo. Ashe tana ɗiga a hankali duk tsawon lokacin nan.

Muka tayar da ita, muka bar ta a firi har injin ya yi ɗumi. Na taka burki, na bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ina ɗan tsayawa a kowace. Sannan na zaro geji injin yana aiki. Man ko layin ƙasa bai kai ba. A kan kantar garejin akwai gwangwanin irin man da Abba yake zuba mata, don na zamani bai dace da ita ba. Baffa ya riƙe mazurari da hannun da yake ɗinke mutane, ina zubawa kaɗan kaɗan ina sake dubawa. Da na sake jan sanda, sai na ji wani ɗan dum a ƙarƙashina, bayan motar ya ɗan durƙusa. Na ɗaga ƙafa daga burki, ta silalo waje cikin yayyafi.

Nakan tambayi kaina me Abba zai ce da yau. Laburaren da yake kai ni yanzu rabin mako yake buɗewa. Inda garejinsa yake an yi gidaje masu ƙananan tagogi. Motocin maƙwabtanmu ba su da gejin da za ka zaro ka sansana, wasu ma ba su da giya gaba ɗaya, sai a jona su da wuta kamar waya. Na tabbata ba zai yi ƙorafi ba. Zai roƙi mai ita ya buɗe masa gaba, ya tsaya yana kallo har shayinsa ya huce.

Ni na tuƙa ta zuwa Birmingham a layin masu tafiyar hankali, Umma a gefena da carbi, Baffa a bayanmu da motarsa yana kunna fitilun gargaɗi kamar mai rakiyar amarya. Da muka tsaya a ƙofar gidansa ya zagayo ya dafa bonet, ya ce, "Umman yara, ki shaida. Kasona na cikin motar nan na bar wa 'yar yayana, duniya da lahira." Umma ta ce ita ma nata haka.

Abba bai bar gini ba, hanyoyin da ya shimfiɗa kuwa an sake zuba musu kwalta. Abin da ya rage mini nasa shi ne ba na yarda a ce abu ya mutu sai na duba shi da kaina, yana da ɗumi, yana aiki. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Motar tana Perry Barr da sunana, kuma Asabar mai zuwa zan canza mata robar da man giya ke ɗiga ta wurinta.