Jan Ƙyallen Baba

Sai da na haɗiye kurɓa ta biyu na gane ba lemon tsamiya ba ne. Ɗaci ya kama ni har maƙogwaro, ga warin sabulu. Na ɗaga gorar na duba. Irin gorar robar nan ce da Hajiya, shugabar ƙungiyarmu, take zubo mana lemo duk Juma'a.

Mu tara ne a ƙungiyar, matan unguwa, muna shuka alayyahu da latas da zogale a wani fili a Gyaɗi-Gyaɗi, aikin sa kai. Na shiga ne bayan na gama sakandare, zaman gida ya ishe ni. Wani dattijo da muke kira Baba shi yake koya mana aikin, shi kuma yake haɗa maganin feshi iri biyu: jiƙon darbejiya da sabulu, da na kanti, wanda ya sha gaya mana ko mutum yana kashewa. Duk a irin waɗannan goruna yake zubawa, ya jera a rumfa.

Na miƙa wa Hajiya. Ta shinshina, ta yi salati.

Ta ce, "Ke, akwai jan ƙyalle a wuyanta? Gorar maganin kanti Baba yake ɗaura wa."

Babu ƙyalle a wuyanta. Makon da ya wuce na share rumfar, na ga tsummokara masu dauɗa a wuyan goruna, na kunce su duka na zubar, har ina jin na gyara wa tsoho wuri. Ranar da ya yi bayanin ƙyallen, ina gefe ina danna waya.

Baba ya tafi masallacin Juma'a, wayarsa a kashe. Wata ta ce a ɗura mini manja, wata ta ce madara. Wata a cikinmu nas ce, Anti nake ce mata, ta daka musu tsawa.

"Kada wanda ya ba ta komai! Hajiya, ki tsaya ki jira Baba. Ke, taso."

A cikin adaidaita sahu ta riƙe hannuna tana ƙirga bugun jijiya, gorar a cinyarta. Yawu ya yi ta taruwa a bakina, na kasa sanin na maganin ne ko na tsoro. Hanya a cushe da masallata. Na tuna da safe Inna ta ce in zo in karya, na ce mata sai na dawo, ko waiwayowa ban yi ba.

A asibiti likita ya haska idona da tocila, ya ce zuwa yanzu bai ga alama ba, amma zai riƙe ni sai an san abin da na sha. Na kwanta ina kallon agogon bango. Anti ta cire mini takalma duk taɓo, ta zauna a bakin gadon. Matar da ban taɓa ko tambayar ina gidanta yake ba.

Can sai ga Hajiya ta shigo da Baba, sallayarsa a kafaɗa, yana haki. Ya karɓi gorar, ya shinshina, ya ɗiga a yatsa ya lasa.

Ya ce, "Darbejiya ce, likita. Na kanti ba ya lambun ma."

Hajiya ta ce, "Baba, ka tabbata?"

"Tun ranar da na tarar an kunce mini ƙyallaye na kwashe shi na kai gida na kulle. Warinsa ba ya ɓace mini." Ya dube ni. "Na san ke ce, 'yar boko mai son tsafta. Na ga kina ta murna da shararki, na ce bari in ƙyale ki."

Na buɗe baki in ba shi haƙuri, kuka ya riga ni.

"Haba 'yata. Tsutsar cikinki ce ta shiga uku, ba ke ba."

Likita ya yi dariya, ya sake duba idona, ya ce in cikina ya murɗa kada in tsorata, in tashi in tafi gida, babu abin da zai same ni. Ƙarfe uku da kwata ne. Ina ta kallon agogon, na kasa sakin hannun Anti.