Waliyyu, Injinka Ya Yi Shiru

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, Allah ya karɓi ran abokina Waliyyu Ladan Mungadi, a hatsarin mota tsakanin Maiyama da Jega. Ya kai wa mahaifiyarsa, Inna Azumi, magani a ƙauye, yana kan hanyar dawowa wa'adi ya cika. Ni Mukhtar, mai koyar da ilimin kwamfuta a Aliero, tun muna ɗalibai muke tare da shi. Wallahi ban taɓa rubutun da ya yi min nauyi kamar wannan ba.

Waliyyu, rabin mutanen Sabon Garin Jega sun ɗauka gyaran waya kake yi. Ni abin haushi yake ba ni, kai kuwa sai ka karɓi wayar tsohuwa ka gyara, ka raka ta har bakin ƙofa, ko sisi ba ka karɓa. To bari yau in faɗa musu aikinka. Kana cikin masu gyara zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda 'yan sana'a ke kira kenel. Manyan injuna suna da ƙwaƙwalwa biyu ko fiye, kowace da ma'ajiyarta a kusa da ita. Ma'ajiyar a yanke take shafi-shafi, kenel kuma yana yi wa shafi ƙaura zuwa kusa da ƙwaƙwalwar da ta fi bukatarsa. Amma idan wata na'ura tana zuba bayanai kai tsaye cikin shafi, sai a kafe shi, a hana shi motsi har ta gama.

Kai ka lura cewa jefi-jefi ƙaurar da kafewar suna haɗuwa a ƙiftawar ido guda. Shafi ya tashi, na'ura ta ci gaba da zubawa a tsohon wuri, bayanan mutane su salwanta ba tare da ko ƙara ba. Da ɗalibaina suka kasa ganewa, ka ce musu, "Awa a janye buhu ne, mai awo bai sani ba, yana ta zuba gero ƙasa." Nan take suka gane. Ni da na yi mako ina zane a allo, kunya ta kama ni, kai kuma ka yi ta yi min dariya har da riƙe ciki.

Ka rubuta wa abokan aikinka na ƙasashen waje, suka ce ka kawo hujja. Na fusata, na ce raini ne. Ka ce min gaskiyarsu ce, ba a taɓa zuciyar inji da zato. Ka sayo tsohon inji mai ƙwaƙwalwa biyu, ka girke shi a ɗakin zaurenka, ka ɗana masa tarko: duk lokacin da kuskuren ya auku, injin zai daskare a yadda yake, komai na cikin ma'ajiya ya tsaya cak don a karanta. Sharaɗin ɗaya ne, kada wuta ta yanke, domin abin da ke cikin wannan ma'ajiya da wuta yake rayuwa.

Wutar sola ta gidanka ba ta iya ɗaukar injin da fankoki tare. Haka kai da matarka Umaima kuka ci zafin Maris a tsakar gida, da maficin kaba. Duk Asabar ɗalibai su cika maka zaure, ka ciyar da su, ka bar su su taɓa abin da ba mu da irinsa a makaranta. Ban taɓa jin ka kori ɗalibi don tambayarsa ta wauta ba. Ni na sha kora.

Da safiyar Talatar ka kira ni. "Mukhtar, ya faɗa tarko! Na gane shi da idona." Na ce ka gaya min a ina yake. Ka ce, "Wanga bayani waya ba ta ɗaukar shi. Bari in kai ma Inna magani, gobe ka taho mu fidda shi a tsanake." Kwashe abin da ke cikin ma'ajiyar aikin yini ne, sannu a hankali ta wata siririyar waya da ake jona wa injin, shi ya sa ka bari sai ka dawo.

Ina ɗakin jarrabawa, wayata a kashe, lokacin da aka yi ta nemana. Kafin in iso Jega an dawo daga maƙabarta. Ko gawarka ban gani ba, Waliyyu. Na shiga zaure cike da jama'a, na durƙusa ina gaisuwa, sai kunnena ya gaya min wani abu ya ɓace. Gurnanin injin nan da ke fitowa daga ɗakin, wanda muke ɗaga murya mu yi magana a kansa, babu shi. Na ɗaga kai na ga wayar wuta an ja ta zuwa cikin gida.

Yayanka Bala ne ya ja. An ɗauko Inna Azumi daga Mungadi cikin tsakar rana, ta sume sau biyu, mata na ihu a kawo fanka. Umaima, wadda ta san sirrin injin, tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Bala manomin albasa ne, ya ga wani akwati yana shan wuta a ɗakin da babu kowa, mahaifiyarsa kuma numfashi na neman gagararta. Ya zare wancan, ya jona wannan. Wa zai yi dabam?

Na tsaya a bakin ɗakin ina kallon gilashin injin, baƙi ƙirin. A nan na yi kukan da ban yi a hanya ba. Na ji kamar an sake sanar da ni rasuwarka. Bala ya zo ya tsaya a bayana, ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce a hankali, "Malam, ɓanna niy yi?"

Na ce, "A'a, Yaya. Ba komi."

Kuskuren nan yana nan, cikin injuna da Allah kaɗai ya san yawansu, yana cin bayanan mutane a ɓoye. Mutum ɗaya ne ya ga inda yake, an kuwa rufe shi da ƙasa. Bayan addu'ar uku Umaima ta ce in kunna injin, na kunna. Ko kuskuren zai sake faɗawa tarkon, ko in ya faɗa ina da idon da zan gan shi, ban sani ba. Gaskiya ina jin tsoro ban kai ba.

Ya Allah, ka ji ƙan Waliyyu, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa makwanci, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka sa ilimin da ya bayar ya bi shi da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Azumi, da Umaima, da dangi na Mungadi da Jega, da ɗalibansa na Aliero. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya sa mu cika da imani.

Yaya Bala, na san za a karanta maka wannan. An yi asara, kuma ban gaya maka ba a ranar. Amma da Waliyyu ne a tsaye a zauren nan, ya ji Inna ta sume, da hannunsa zai zare wayar.