Talatin Da Ɗaya Ga Fabrairu

Tun kafin mai shara ta gama goge barandar asibitin masu tarin fuka, Inna Mai Kati ta riga ta iso. Takan rataya jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta buɗe 'yar tagar da marasa lafiya ke tsayawa, ta jawo akwatin katako mai gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa. Sannan ta gwada bironta a gefen tsohuwar takarda. Shekara talatin da biyu ke nan tana haka, kuma ranar Alhamis mai zuwa za ta ajiye aiki.

Aikin nata, in ka ji an faɗa, ba ya cika baki. Likita zai duba mutum, ya ce sai ya sha magani wata shida ba fashi. Sai a turo shi tagar Inna, ta dubi kwanan watan yau, ta ƙara wata shida, ta rubuta ranar gamawa a kati. Ko wayar hannu tana yin wannan. Inna kuwa sai ta dunƙule hannu, ta bi tudu da kwarin bayan yatsunta, tudu wata mai talatin da ɗaya, kwari gajere, leɓenta na motsi. Ma'aikatan jinya sun sha gwada ta da waya don tsokana, har yau ba wanda ya kama ta da kuskuren kwana ɗaya.

Amma ba lissafin ne ke tayar da tsigar jiki ba. Mutumin da ke tsaye a gabanta tari ya cinye shi, ko gobe ba ya hango wa kansa. Ita kuma sai ta sunkuya ta rubuta masa wata rana can nesa, wani sa'in a cikin shekarar da ba ta ma kama ba, hannunta ko rawa ba ya yi.

Mai shara ce ta fara ba da labarin wani mai walda, yayarsa kuma ta tabbatar da shi. Ranar talatin da ɗaya ga Agusta yayar ta kawo shi, tana riƙe da kafaɗarsa, rigarsa na lilo a jikinsa. Auta take kiransa, ko da yake ya ba talatin baya. Kafin Inna ta dunƙule hannu, shi ya riga ta ƙirgawa da yatsunsa masu tabon wuta.

"Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu. Talatin da ɗaya ga Fabrairu." Ya yi dariyar da ta ƙare da tari. "Kin gani ko, Inna? Ko kalanda ba ta sa da ni ba. Rubuta da fensir kawai, ya yi sauƙin gogewa."

"Auta, rufe mana baki," in ji yayarsa, idonta ya kawo ruwa.

Inna ta dube shi ta saman tabarau. Ta sha jin irin wannan dariya a tagar nan, ta kuma san abin da ke ƙarƙashinta.

"Ɗan nan, ni ba na ajiye fensir. In wata ya gaza, a ƙarshensa ake tsayawa. Ashirin da takwas ga Fabrairu. Wa ka bari a gida?"

"Mata, da jinjira 'yar wata biyu."

"To, ranar tana da wata takwas. Tana zama da kanta, da haƙora biyu a ƙasa. Ka zo mini da ita in gani."

Ta danna biro ta rubuta.

Wata biyu yana zuwa karɓar magani. Tarin ya lafa, kumatu suka fito. A na uku sai aka daina ganinsa. Wannan shi ne lokacin da Inna ta fi tsoro a duk aikinta, domin wanda ya yanke magani a tsakiya, ciwon kan dawo masa da taurin da ƙwayoyin farko ba sa iya karya shi. Ta taɓa cire katunan irin waɗannan mutane daga akwati da hannunta, kuma ba ta manta sunan ko ɗaya ba.

Babu inda aka rubuta cewa bin mara lafiya aikinta ne. Da aka tashi da la'asar, ta karɓi ƙwayoyinsa a wurin mai ba da magani, ta sa katin a jaka, ta yi ta tambaya har ta iso rumfar walda. Tartsatsi na tashi, ƙarar guduma ta cika wurin. Ta kakkaɓe wata tsohuwar taya ta zauna.

"Auta, ga uwarka ta biyo ka da bulala," in ji abokin aikinsa.

Ya ɗage gilashin fuska, kunya ta kama shi. "Wallahi na warke, Inna. Dubi ƙarfen da nake ɗagawa."

"Na gani. Yau nawa ga wata?"

"Tara ga Nuwamba."

"Me na rubuta a nan?"

Ya dubi katin da ta zaro daga jaka.

"Kai in an ba ka aikin ƙofa, kakan liƙa rabi ka ce ai tana tsaye? Shekara nawa ina rubutu, ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Ba kai za ka fara mayar da ni maƙaryaciya ba. Kawo ruwa."

Kwana goma sha ɗaya tana zuwa rumfar nan, da ciwon gwiwarta, ta zauna a kan tayar har sai ya haɗiye a gabanta. A na sha biyu shi ya riga ta zuwa taga.

Ranar ashirin da takwas ga Fabrairu ya iso, gwajinsa na ƙarshe ya fita fes, yarinyar na kafaɗarsa. Ya buɗe bakinta da yatsa: dasashi ne zalla, ko haƙori ɗaya babu.

"Inna, yau dai an kama ki."

"Wata nake iya ƙirgawa," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Haƙori kuwa sai Mai shi."

Yarinyar yanzu tana aji uku, ubanta ne ke kai ta makaranta kafin ya buɗe rumfa.

Inna Mai Kati, ke ce kike ara wa mutum gobe a ranar da ba shi da ita, ki kuma tsaya a kansa har ta zama tasa. Ba a sa hotonki a bango ba, da yawa daga waɗanda kika tsamo ko sunanki na yanka ba su sani ba. Suna nan dai a gari, suna ɗinki, suna tuƙi, suna aurar da 'ya'ya. Mun gode, Inna. Allah ya huta gajiya, ya sauƙaƙa wa gwiwar nan, ya sa abin da kika rubuta ya zama shaida a gare ki.

A akwatinta akwai kati arba'in da ɗaya da ranakunsu ba su iso ba, kuma daga Juma'a ba ita ce a taga ba. Wataƙila ɗaya daga cikinsu na ɗan uwanku ne, ko na maƙwabciyarku. Ku karɓi katin ku duba, ku dunƙule hannu ku ƙirga tare da shi. Ranar da ya ce muku ya warke, ku miƙa masa ruwa, ku tambaye shi yau nawa ga wata.