Shekarar da Muka Kwashe Kasuwa Zuwa Gona

Innata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa a kasuwar garinmu tun ina goye a bayanta. Ko bayan da na yi aure na zama malamar firamare, ban daina leƙa ta ranar kasuwa ba, don ƙafafunta sun fara nauyi. Rumfarta tana layin mata, bayan 'yan hatsi, a wani kwari da ruwa yake kwanciya duk damina. Rumfunan na itace ne da tsohon kwano, gara ta gama cinye ginshiƙansu. Amma kuɗin rumfa ba mu taɓa fashin biya ba.

Wata shekara gab da faɗuwar ruwa, sarkin kasuwa ya tara mu. Tare da shi akwai wasu mutane daga ƙaramar hukuma, sun sha manyan riguna suna ƙamshin turare. Suka ce an ninka haraji, amma don amfaninmu ne: za a gina rumfunan bulo, a yi magudanar ruwa, a haƙa famfo. Mata suka yi ta sa musu albarka. Inna har da cewa Allah ya ƙara girma. Duk sanda na tuna wannan addu'ar tata sai raina ya ɓaci.

Muka biya. Mai akuya ɗaya ya biya, Bafulatana mai ƙwaryar nono ta biya. Abin da muka gani kuwa shi ne wata ƙatuwar ƙofa da aka gina a bakin titin shiga gari, an liƙa mata tayil, an jera mata fitilun sola, an rubuta barka da zuwa da manyan baƙaƙe. Ƙofa ba ganuwa, ba gida a bayanta, tana tsaye tsakiyar fili tana haska ciyawa. Ranar buɗe ta aka kawo makaɗa, aka tare hanya tun safe, manya suka iso cikin sababbin motoci da ledar kujerunsu ma ba a cire ba. A kasuwa ko bulo ɗaya ba a ajiye ba.

Cikin tsakiyar damina, ranar kasuwa da la'asar, hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Kafin mu gama tattara kaya, layin mata ya kwanta gaba ɗaya. Ni na ja Inna muka fita. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa mai daddawa da muke kira Iya, ba ta samu fita ba. Azara ta danne mata cinya. Maza suka ɗaga kwanon, muka jawo ta cikin taɓo tana salati, aka ɗora ta a bayan a-kori-kura zuwa asibiti a Daura. Ina riƙe da kanta muka wuce ta ƙarƙashin ƙofar nan. Ƙashin ya karye a wuri biyu.

Da kasuwa ta zagayo, muka shimfiɗa buhuna a kan ɓaraguzai muka kasa kaya. Sai ga masu karɓar haraji, su biyu. Ɗaya ɗan maƙwabtanmu ne, Inna ce ta yi masa wankan jariri. Ya yago tikiti ya miƙa mata yana kallon ƙasa.

"Na mene ne?" in ji Inna.

"Na rumfa ne, Inna."

"Nuna mini rumfar, ɗan nan."

"Inna, ni aiko ni aka yi."

"To koma ka ce ba ka tarar da rumfa ba."

Ɗayan baƙo ne, bai san ta ba. Ya ce doka ce, wanda bai biya ba a kama kayansa. Ya sunkuya ya fizgi jarkar manta, ita kuma ta riƙe. Murfin ya fita, man ya tsiyaye cikin laka. Aikin mako guda ke nan, suyar gyaɗa da niƙa da matsa, da hannun tsohuwa. Inna ta dubi man, ta dubi mutumin, ta ɗaure sauran kayanta ta ce mu tafi gida.

Maza sun yi ta kai kuka wurin sarkin kasuwa, kullum amsa ɗaya, an kai maganar sama. Mu kuwa a ɗakin Iya muke haɗuwa in mun je dubiya, bayan an dawo da ita gida ƙafarta a ɗaure. A nan Inna ta ce, "Wai filin ne kasuwa ko mu? In mun tashi, wa za su yanka wa tikiti?" Ƙanenta, kawuna, yana da gona a bakin hanya, bayan gari. Ta aika masa. Ya ce mu bari a yanke gero.

Maganar ta bi gidajen suna da na biki, ta bi wayoyi, 'yan kabu-kabu suka kai ta ƙauyuka. Da kaka ta yi aka ɗauke dammunan gero, ranar kasuwa da hantsi muka yi shimfiɗa tsakanin kututturen kara. Da farko mu kaɗai ne. Sai matan Fulani suka iso suka sauke ƙore. Sai 'yan hatsi suka karkato da motocinsu. Masu dabbobi daga wajen Mai'adua da fataken da suka tsallako iyaka ta Kongolam suka ga inda jama'a take, suka biyo. Kafin azahar har mahauta sun hura wuta. Masu haraji suka wuni a kan benci a tsohuwar kasuwa, da yamma suka zo gonar. Kawu ya tare su tun daga bakin hanya.

"Nan gonata ce, gadon ubana. Waɗannan baƙina ne. In ciniki kuka zo, bismilla."

Suka juya. A kasuwa ta gaba motar 'yan sanda ce ta zo, aka tafi da Kawu, wai ya buɗe kasuwa ba izini.

Washegari muka ɗunguma zuwa sakatariya, tsofaffi da masu goyo, muka zauna a ƙasa a bakin ƙofa cikin rana. Ba mu zagi kowa ba, ba mu jefi kowa ba. Sai da rana ta take sannan wani babban jami'i ya fito, wani yana riƙe masa lema. Ya ce an kafa kwamiti. Ya ce sun san 'yan adawa ne suke zuga mu, don matan ƙauye ba su iya shirya irin wannan da kansu.

Ban san sanda na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, wace jam'iyya ce ta karya ƙafar Iya? Ƙuli-ƙulin uwata ne kuka liƙa a jikin ƙofar can. Kun karɓi kuɗin rumfa, ina rumfa? Ko sannu ba wanda ya je ya yi wa tsohuwar nan!"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya tambayi na kusa da shi a wace makaranta nake koyarwa.

Hakimi ne ya sa baki aka sako Kawu da yamma. Aka yi sulhu a gabansa: haraji ya koma yadda yake a dā, mu kuma mu koma kasuwa. An rufe rabin layin mata da sabon kwano, sauran rabin har yau buhuna ake ɗaurawa. Magudana da famfo ba a sake ambatonsu ba. Ni aka mayar da ni wata makaranta can wajen iyaka, inda babur ma da ƙyar yake shiga da damina. Iya ba ta ƙara taka ƙasa da ƙafar nan ba, jan jiki take yi zuwa bakin ƙofar ɗaki, jikokinta ke ciyar da ita. Ba a shekara ba aka ɓullo da wani sabon tikiti, wai kuɗin tsafta.

Da zaɓe ya matso, jami'in nan ya fito takara. Mutanensa suka shigo unguwarmu suna rabon sabulu da taliya gida-gida. Na je gaida Inna, ina tsakar gida aka yi sallama aka turo na Inna cikin leda. Ta ɗauka da kanta, ta dogara sanda har zaure, ta ajiye a gaban mai rabon.

"Malam, mayar masa. Ka ce mai man gyaɗa ta ce ta ƙoshi."

Ya tsaya yana ba ta haƙuri, ta jawo ƙyaure ta rufe.