Tsirkiyar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya haɗa mu kiɗa, mu huɗu. Shi ke riƙe da kamanja ta farko, wato gogen nan na Turawa da ake saƙalawa a wuya, ni ina bi masa da ta biyu. Sai wani tela ɗan unguwar Tandabawi mai jan matsakaiciya, da direban bas ɗin alhazai mai jan babbar, wadda ake kafawa tsakanin gwiwoyi. Dukkanmu jikokin mahajjata ne da suka zo Makka suka zauna.

Shi a wurin wani Bamisire ya koya a Jidda, mu kuma a wurinsa, da faɗa da ranƙwashi. A zamanin ba a fita da kiɗa fili. Ɗakinsa na unguwarmu Nakkasa a Makka muke shiga, mu toshe taga da bargo, gumi na tsiyaya, mu yi ta bitar waƙoƙin Hijaz da tsofaffin kiɗan Turawa. Sannu a hankali aka fara ɗaukar mu biki a Jidda da Ɗa'if, har kaset ɗinmu ya yi yawo a motocin haya.

Ga yadda muke aiki: kafin a fara, Kawu zai ja tsirkiya guda, mu uku mu daidaita namu da tasa. Ba mu da wani ma'auni sai kunnensa, kuma wallahi kunne ne.

Bayan an rushe Nakkasa kunnen ya fara nauyi. Tsirkiyarsa ta riƙa sauka ƙasa kaɗan-kaɗan, shi bai sani ba. Tela ya ce a gaya masa, na hau shi da faɗa kamar zan cinye shi. Mutumin da aka rushe wa gida, a kuma ce masa kunnensa ya tafi? Sai muka riƙa sassauta namu muna bin sa. Tunda tare muke sauka, babu mai sauraron da ya gane. Shekaru muka yi a haka.

Da aka sake wa kiɗa mara a ƙasar, aka gayyace mu wani babban zaure a Jidda. Abin da Kawu ya yi ta buri ke nan, ya zauna gaban jama'a ba bayan bargo ba. Mai shirya taron ya ce wata yarinya za ta raka mu da fiyano a waƙar ƙarshe, muka ce madalla. Ko ɗayanmu bai tuna cewa fiyano ba ya sauka don kowa ba, don ba mu taɓa kiɗa da abin da ba a sassautawa ba.

Ana gobe taron, da safe muka je bita. Kawu ya ja tsirkiya, muka bi shi. Yarinyar ta danna nata, sautin ya yi karo da namu har haƙorana suka amsa. Ta dube mu, ta sake dannawa. Kawu ya ga fuskarta, ya ɗaure tasa fuskar, ya ce kayanta ne suka lalace, a kira mai gyara. Direba ya kafa wa rufi ido, tela ya sunkuyar da kai. Na ga mai taron yana shirin buɗe baki, na san in na yi shiru baƙo ne zai gaya masa, a gaban yarinya sa'ar jikarsa.

Na matsa kusa da kunnensa. "Kawu, fiyanon daidai yake. Mu ne muka sauka."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka bar Nakkasa."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na so ya zage ni, wallahi na so, amma bai yi ba. Miƙo mini kamanjar ya yi, ya ce in ɗaure masa ita in kai ta inda ya kamata. Na karɓa na ɗaure.

Ranar taron ya yi kiɗa idonsa na kan hannuna, bai kuskure ba. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi, shi ma ya miƙe ya rusuna musu. Muna hanyar komawa Makka, har mun hango duwatsun gari. Sai ya dafa gwiwata ya ce, "Ashe abin da nake ji shekarun nan, ni kaɗai nake jin sa."

Bai sake buɗe akwatin kamanjar ba har ya rasu.