Marfi na Bakwai a Teburin Tsaya-Tukuna

Ba wanda ke kiranta da sunan da ke jikin katin aikinta. Tun daga mai gadi har zuwa likita, kowa a sashen rigakafi Tsaya-Tukuna yake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Mutum zai shigo da zafinsa, ya naɗe hannun riga tun daga bakin ƙofa, ya nufi ɗakin allura kai tsaye, sai ya ji murya daga wani tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da ninkakken kwali: "Tsaya tukuna! Zo nan mu gaisa." Gaisuwar kuwa tambayoyi ne guda bakwai, ba ragi.

Shekara ashirin da tara tana nas a wannan tebur. A shekararta ta farko aka yi wa wani tela allurar rigakafin shawara, ba wanda ya tambaye shi komai. Ko ƙofa bai kai ba leɓɓansa suka kumbura suntum, numfashinsa ya koma kamar usur. Da ƙyar aka ceto shi. Can matarsa ta iso tana haki ta ce, "Ai ko ƙwai ya ci haka yake yi!" Allurar kuwa da ƙwai ake haɗa ta. Kalma ɗaya fa, da an tambaya. Ran nan Tsaya-Tukuna ta tsince marafan kwalaben allura guda bakwai, 'yan ƙanana na roba, ta jera su a hagun teburinta. Duk tambayar da ta yi aka amsa, sai ta tura marfi ɗaya zuwa dama. Sai bakwai sun haye take sa hannu a fom.

Kuma wallahi ta iya tambaya. Ba ta cewa "Lafiyarka ƙalau?" don ta san kowa "ƙalau" zai ce. Sai ta ce, "Jiya me ya hana ka barci?" Ta tambayi ƙwai, ta tambayi allurar baya ko ta taɓa jawo kumburi, ta sa a zazzage jaka ta ga magungunan da ake sha, don akwai masu raunana garkuwar jiki. Mai zazzaɓi mai zafi ta ce ya je ya warke ya dawo. Amma matsoracin da ya zo yana jan hanci don a ƙyale shi, ina! "'Yar wannan murar ba ta hana allura, shige." Marfi na bakwai ja ne, na tambayar juna biyu. In namiji ne a gabanta sai ta tura shi tana cewa, "Kai dai na yafe maka wannan," benci ya kwashe da dariya.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa yi wa wannan tambayar ba, matar ɗanta, wadda take kira Malama saboda lissafi take koyarwa a sakandare. Shekara takwas da auren, shiru. Ita kuma Tsaya-Tukuna ta san zafin abin, don tata uwar mijin sai da ta shekara biyar tana tare ta duk wata da "Har yanzu dai?" Tun ranar da Malama ta shigo gidansu ta yi wa kanta alkawari bakinta ba zai taɓa furta wannan ba. Shi ya sa suke kamar uwa da 'ya, har dangi na tsegumin ta fi son Malama a kan ɗan da ta haifa. Gaskiya ne kuma.

To, ran wata Talata da hantsi, layi ya cika har baranda, sai ga Malama ta faɗo kamar an jefo ta, takarda a sama tana kaɗawa.

"Mama! An ɗauke ni! Kwas ɗin nan na wata shida a ƙasar waje, sunana ya fito!"

Tsaya-Tukuna ta miƙe har kujera ta kife. Ta rungume ta, ta sake ta, ta karanta takardar, ta sake rungume ta. Ta juya ga mutanen benci da ba su san hawa ba su san sauka ba ta ce, "Kun ga 'yata? Cikin mutum ɗari huɗu aka zaɓo ta!" Wata tsohuwa ta ce Allah ya sa albarka, aka amsa da amin har baranda.

"Amma Mama, jirgi saura kwana goma cif," in ji Malama, "kuma sun ce katin rigakafin shawara sai ya kwana goma yake aiki. In ba a yi yau ba, shi ke nan. A taimaka a sa min hannu."

"Zauna. Ko ke ce sai mun gaisa."

Aka fara, ana dariya. Zazzaɓi? Babu. Ƙwai? "Haba Mama, jiya a gidanki na ci uku." Marafai suna ta hayewa, ɗaya, biyu, har shida. Yatsan Tsaya-Tukuna ya kai kan jan marfi ya tsaya. Ta dubi fuskar yarinyar nan da rabon da ta gan ta cikin irin wannan farin ciki har ta manta. Yau, a gaban jama'a, ta ɗauko maganar da ta binne shekara takwas? Zuciyarta ta ce, ai kin san amsar. Ta ɗauki biro ta rubuta "A'a" da kanta, ta sa hannu, ta miƙa mata fom. Malama ta yi ɗakin allura tana rawar kafaɗa.

"Na gaba!"

Wani direba ya zauna. Ta kai hannu za ta kwaso marafai daga dama ta mayar hagu, sai ta ji shida a tafinta. Jan yana can hagu shi kaɗai, yana kallonta. Allurar shawara tana cikin waɗanda ake kauce wa yi wa mai ciki, ita ta koya wa rabin ma'aikatan nan haka. Kuma yau ita ce ta amsa wa mutum tambaya da bakin biro.

Ba ta san sanda ta tashi ba. Takalminta ɗaya a ƙarƙashin tebur ya zauna. Ta banke ƙofar ɗakin allura, ta tarar da Sauro, nas ɗin da ake wa wannan laƙabi don allurarsa ba ta fi cizon sauro zafi ba, ya riga ya goge damtsen Malama da auduga, allura a sama.

"Tsaya tukuna!"

Sauro ya daskare. "Haba Anti, ke da kanki kika sa hannu."

"Hannun nawa ƙarya ya yi. Ba mu wuri."

Da ya fita ta ja kujera ta zauna, gwiwa da gwiwa. "Malama, akwai tambayar da na tsallake. Ba uwar mijinki ce ke yi ba, aikina ne. Yaushe rabonki da ganin al'ada?"

Fara'ar Malama ta ɗauke ɗif. Ta sauke hannun rigarta a hankali. "Mama, har ke?"

Kalmomin nan sun soki Tsaya-Tukuna fiye da duk allurar da ke cikin firij. Amma ba ta janye ba. "Har ni. Ki yi fushi da ni shekara guda, na yarda. Amma ki amsa."

"Na daina ƙirgawa tuntuni," in ji Malama. "Duk lissafin duniya zan yi, ban da wannan. Ga neman fasfo, ga cike takardu, ni ban ma..." Yatsunta suka fara motsi a kan cinya. "Tun kafin jarrabawar ɗalibai."

"Jarrabawar da kika gama makin ta mako bakwai da suka wuce?"

Suka kalli juna. Tsaya-Tukuna ta yagi takarda ta rubuta, ta miƙa mata. "Ɗakin gwaji, ƙofa ta uku. Maza!"

Ta ɗauke fom ɗin Malama ta koma teburinta da takalmi ɗaya, wai za ta ci gaba da aiki. Wane aiki! Direban nan sai da ta tambaye shi zancen ƙwai sau uku. Wani dattijo mai furfura ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Kana shayarwa?" Ya ce, "Hajiya, lafiya kuwa?" Ita dai idonta na kan agogo. In babu, ta fama wa yarinyar nan ciwo a ranar murnarta, kuma abin da ke tsakaninsu ba zai koma yadda yake ba. In kuwa akwai... ba ta ma bar kanta ta ƙarasa ba.

Sai ga ƙarar gudu a baranda, daidai ƙarƙashin allon da ita da kanta ta rubuta "Ba a gudu a nan". Malama ce, mayafi a hannu, fuska jage-jage da hawaye. Ta ce wa direban nan da ya dawo neman katinsa ya yi haƙuri, ta zauna a kujerar masu amsa tambaya. Ta kife takardar gwajin a kan tebur ta danne da tafi.

"Likita ya ce ba allura yau. Maganar tafiya kuma za mu zauna da shi, ko ya rubuta musu takarda ko a ɗaga." Ta share fuska, ta tura jan marfin gaban surukarta. "Mama, a sake tambayata. Yadda ake yi wa kowa."

Tsaya-Tukuna ta gyara zama. Tambayar da ta yi wa mata dubbai, yau sai da ta buɗe baki sau biyu kafin ta fito.

"Baiwar Allah, kina da juna biyu?"

"E, Mama."

Benci ya kaure da hamdala, Sauro na tafi daga bakin ƙofa da safar hannu. Tsaya-Tukuna ta jawo fom ɗin, ta soke "A'a" ɗin da ta rubuta, ta sa "E" babba har ta fita daga layi. Sannan ta ɗora yatsa a kan jan marfin, Malama ta ɗora nata a kai, suka tura shi dama tare.