Nas Mai Zuwa da Ƙwarya

Bana shekara tara ke nan da rasuwar maiɗakina Hajara, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ma'aikaciyar jinya ce, ni kuwa malamin firamare, kuma a Riruwai muka yi mafi daɗin zamanmu. Makon jiya na ji a rediyo an sake kiran ma'aikatan jinya zuwa Kano, kwas kan kula da masu taɓin hankali a gidajensu. Sai na kashe rediyon, domin na san hanyar nan, na kuma san inda take ƙarewa.

Irin wannan kwas aka tura Hajara, a shekarun da aikin kuza ya tsaya, magidanta suka koma zaman gindin bishiya. Ta dawo da zafinta. Hirarta ɗaya ce safe da yamma: ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, ba sai an ɗaure mutum ba. Har nakan tsokane ta in ce, "To likita, ni ma a duba ni." Sai ta ce, "Kai Malam, naka ya fi ƙarfin allura."

Akwai wani Tanimu, tsohon mahaƙin kuza, wanda kansa ya juye bayan an rufe ramin. Yayansa Malam Sale ya sa maƙeri ya buga masa mari, aka ɗaure shi a turu can ƙuryar gida. Ba mugunta ba ce. Akwai 'yan mata a gidan, kuma kowa ya san da zarar an ce hauka ya shiga gida, masu neman aure sai su sake hanya. Saboda haka duk wanda ya tambaya, sai a ce masa Tanimu ya tafi ci-rani.

Hajara ta gane in ta doshi gidan da fararen kayan asibiti, ta tona musu asiri. Don haka ranar kasuwa sai ta ɗaura zane, ta yafa mayafi, ta sa allura da magani a ƙwarya ta rufe da faifai, kamar mai zuwa barka. Nakan sauke ta a babur nesa da unguwar, ta ƙarasa da ƙafa. Dije matar Tanimu ke tarbarta, tana ɗaga murya don maƙwabta su ji: "Lale marhabin da 'yar'uwata!" Wannan kam ba a kwas aka koya mata ba.

Wata-wata ake allurar. Kafin damina ta zagayo Tanimu ya fara gane 'ya'yansa, yana alwala da kansa. Ranar da Malam Sale ya yarda aka cire marin, Hajara ta kasa cin tuwo don murna. Da idona na ga Tanimu yana huɗa a gonar masara, ga tabon ƙarfe a idon sawunsa. Mutanen gari suna ta yi masa sannu da dawowa daga ci-rani.

Ana haka sai aka yi mata canjin wurin aiki. Wai tunda ta yi kwas, ta fi ƙarfin ɗakin shan magani na ƙauye, a kai ta babban asibiti a birni. Jama'a, ku ji wata hikima! An koya wa mutum jinyar gida-gida, sannan an raba shi da gidajen. Ta yi roƙo, ta yi naci, ko da a bar ta ta tara takwarorinta na Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji ta koya musu abin da ta sani. Kullum amsar ɗaya ce, za a duba. Har muka tashi wanda zai maye gurbinta bai iso ba.

Daga baya ya iso. Bawan Allah ne mai son aikinsa, ban taɓa ganin laifinsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya tarar da saƙon da ta bari cewa akwai mai karɓar allura a gidan Malam Sale. Ya sa fararen kayansa, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya tambayi jama'a ina gidan mai taɓin hankalin nan yake. Kafin magariba labari ya gama gari.

Da maganar ta kai mana, muka yi sammako zuwa Riruwai, Hajara riƙe da ƙwaryarta. Malam Sale ya tarbe mu a soro, ya ba mu ruwa. Ya ce, "Malama, kin yi mana alheri, Allah Ya saka miki. Amma an fasa auren 'yata saboda zancen nan. Ba mai sake shiga." Ta ce, "Baba, ko ganinsa in yi." Ya girgiza kai. Muna zaune muna jin ƙarar ƙarfe daga cikin gida. A motar komawa har muka wuce Tudun Wada hawayenta na ɗiga a kan faifan.

Shekaru kaɗan bayan haka ciwo ya ɗauke ta, tana ta jiran a duba roƙon nata. Da za ta ga yau, me za ta ce? Kwas ana ta yi, takardar shaida ana ta bayarwa, waɗanda suka je ba sa komawa ƙauye. Ban raina karatun ba, ai shi ya cire marin Tanimu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin yana ci mini rai, don ni alli kawai na iya riƙewa.

Kwanan baya na je Riruwai ta'aziyya, na haɗu da Dije a bakin kasuwa, ta tsufa sosai. Tanimu na nan da rai, a inda muka bar shi. Ta yi wa Hajara doguwar addu'a, ta ce in hankalinsa ya ɗan kwanta yakan tambayi 'yar'uwar nan tasu. Ga abin da ya rage na Hajara a garin: damina guda da mutum ya yi noma da ƙafarsa a sake, da addu'ar matarsa.

Da za mu rabu Dije ta waiga, ta rage murya ta ce, "Malam, har yanzu ba a samu wata mai zuwa da ƙwarya ba?"

Na ce ba a samu ba. Ƙwaryar tana nan a ɗakina, da faifanta a kai.